Ƙarshen 2024: ƙofar siyasa buɗewa take yi a Afirka ta Yamma ko rufewa?

Malamin Tarihi, Kano

Assalamu alaikum. Yanzu da shekarar 2024 take bankwana, ina roƙon 'yan'uwa su taimaka mini da ra'ayinsu a kan wata tambaya da ta ƙi ba ni amsa guda. Wanda ya dubi Senegal da Ghana zai ce shekarar ta mai ƙuri'a ce, domin a Senegal Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku ranar 14 ga Maris ya kuma ci zaɓe ranar 24 ga watan tun a zagayen farko, a Ghana kuwa jam'iyya mai mulki ta sha kaye ranar 7 ga Disamba, ɗan takararta ya amsa kayen tun hukumar zaɓe ba ta gama tattara sakamako ba. Wanda kuma ya dubi Mali da Burkina Faso da Nijar zai faɗi akasin haka, tunda babu wadda ta tsayar da ranar zaɓe a cikinsu, Burkina Faso ma ƙara wa mulkin riƙon ƙwaryarta shekara biyar ta yi a watan Mayu, kuma tun ranar 28 ga Janairu ƙasashen uku suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. A taron da shugabannin ƙungiyar suka yi a Abuja ranar 15 ga wannan wata an amince cewa ficewar za ta fara aiki ranar 29 ga Janairun 2025, aka bar musu wata shida, zuwa 29 ga Yuli, ko za su sake shawara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai dai na gida ne. Mu a Najeriya ba soja ke mulkinmu ba, amma duk wanda ya ga yaran da aka gurfanar a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ranar 1 ga Nuwamba bisa zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, wasunsu suna yanke jiki suna faɗuwa a gaban alƙali bayan kusan wata uku a tsare, ya san cewa rigar farar hula kaɗai ba ta isa shaida ba. Gaskiya ne an sake su bayan kwanaki kaɗan da umarnin shugaban ƙasa, sai dai hayaniyar jama'a ce ta sake su, ba tsarin shari'a ba.

Saboda haka tambayata ita ce: da me ya kamata mu auna buɗewar siyasa a wannan yanki, da yawan zaɓukan da aka yi ko da wani abu dabam? Kuma shin ECOWAS, wadda za ta cika shekara 50 a watan Mayu mai zuwa, tana da sauran bakin da za ta yi wa wata ƙasa faɗa a kan mulki? Zan so musamman in ji daga 'yan'uwanmu na Nijar da Ghana.

Tsohon Ɗan Kasuwa, Maraɗi

Wa alaikumus salam, Malam. Tunda ka kira mutanen Nijar, bari in fara da ɓangare na biyu na tambayarka, domin shi ne wanda muka ɗanɗana da jikinmu.

A wurin yawancin mutanen da nake zama da su, CEDEAO, wato ECOWAS, ta rasa bakin magana tun ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, lokacin da ta rufe iyakoki ta kuma ba sojoji mako guda su mayar da Shugaba Bazoum kan mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Abin da ya biyo baya ba janar-janar ya taɓa ba. Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ita ce kaso mafi tsoka na lantarkin ƙasar, manyan motoci ɗauke da abinci da magani suka yi jerin gwano a Malanville ba su tsallako Gaya ba, shinkafa da mai suka yi tashin gwauron zabo. A nan Maraɗi mai sayar da ƙanƙara ya rufe firjinsa, tela ya koma keken ƙafa, mai ciwon sukari yana yawo daga wannan kantin magani zuwa wancan. Hanyar Jibiya da Ɗan Isa ba ta mutu gaba ɗaya ba, sai dai kaya sun koma bin daji a kan babura, kowane shinge kuma da abin da ake ajiyewa, kuma mai saye a kasuwa shi ke biyan wannan duka. Da aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun bana, kusan wata bakwai sun shige, zukata sun riga sun juya. Mutumin da bai taɓa karanta yarjejeniyar ƙungiyar ba ya san ta ne a matsayin wadda ta kashe masa wuta, kuma da wannan idon yake kallonta har yau.

Ina kuma so a tuna cewa waɗanda suka hana yaƙi ba ma'aikatan ƙungiyar ba ne. Sanatocin arewacin Najeriya ne da suka ƙi yarda, da malamai da sarakuna da suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai, domin sun san cewa daga Kabi zuwa Barno jihohi bakwai ne ke jingine da mu, kuma babu gidan da ba shi da dangi a ɗaya gefen.

Amma ba zan yi maka adalci ba idan na tsaya a nan. Ni na ga babban taron ƙasa na 1991 da idona, na ga yadda gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe daga baya, har ya zama mutum yana kiran waya a shirin safe ya caccaki minista da sunansa ya kuma kwana a gidansa. Wannan abin yana raguwa. An dakatar da harkokin jam'iyyu tun bayan juyin mulki. A watan Afrilu an rushe zaɓaɓɓun majalisun gundumomi da na jihohi aka naɗa masu riƙo, da yawansu masu kaki, don haka magajin garin da a da kake iya tarewa a wurin jana'iza ka tuna masa da alkawarin rijiya yanzu ba ƙuri'arka ce ta kawo shi ba. RFI da France 24 an rufe su tun bara, a wannan watan kuma aka dakatar da BBC na wata uku, wanda ga mai sauraron Hausa ba ƙaramin abu ba ne. An kama ɗan fafutukar kare haƙƙin jama'a Moussa Tchangari a farkon watan nan, mutumin da gwamnatocin farar hula ma sun sha tsare shi. Bazoum yana nan a tsare ba a gurfanar da shi ba, ko da yake an cire masa rigar kariya a watan Yuni. Taron tuntuɓar ƙasa da aka yi alkawari tun Agustan 2023 har yanzu ba a zauna ba. A fada matasa suna shan shayinsu kamar kullum, suna yabon korar sojojin Faransa da na Amurka da babbar murya, amma idan zance ya zo kan yaushe za a yi zaɓe sai ka ga an sassauta murya an duba wanda ke gefe.

Duka biyun gaskiya ne a lokaci guda, Malam: mutane suna alfahari da cewa ƙasar ta daina karɓar umarni daga waje, kuma bakinsu ya fi na da nauyi a cikin gida.

Lauya, Kaduna

Alhaji na Maraɗi ya faɗi abin da ya faru a ƙasa, ni kuma zan ɗan tsaya a kan takarda, saboda a ganina ciwon ECOWAS ya girmi takunkumin 2023.

Ƙungiyar tana da yarjejeniyar dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki da aka sa wa hannu a Dakar a Disambar 2001. Ita ce ta haramta karɓar mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki, ita ce kuma ta hana a yi wa dokar zaɓe babban gyara a cikin wata shida kafin zaɓe sai da yardar mafi yawan 'yan siyasa. Abin da ba ta ƙunsa ba shi ne iyakar wa'adi. A taron Accra na 2015 an kawo shawarar a taƙaita wa kowane shugaba wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, maganar ta mutu. Bayan shekara biyar Alpha Condé a Gini da Alassane Ouattara a Kodebuwa suka nemi wa'adi na uku bisa hujjar sabon tsarin mulki, aka rasa rayuka a tituna, ƙungiyar ba ta sa wa kowa takunkumi ba. Da sojoji suka kifar da Condé a Satumbar 2021 sai ga ta da sanda. Duk wani matashi a Bamako ko Yamai ya ga wannan, kuma ba sai an karantar da shi ba.

Bana ma an maimaita. Togo ta sauya tsarin mulkinta ta koma tsarin majalisa, aka ƙirƙiro muƙamin shugaban majalisar ministoci wanda ke riƙe da ainihin iko ba tare da iyakar wa'adi ba, jam'iyya mai mulki ta UNIR ta kwashe kujeru 108 cikin 113 a zaɓen 29 ga Afrilu. Faure Gnassingbé yana kan mulki tun 2005, mahaifinsa kuma ya yi mulki daga 1967 zuwa 2005. Shi ne kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da ƙungiyar ta ɗora wa shiga tsakani da sojojin Sahel don a jawo su su dawo tafarkin tsarin mulki. Ban san yadda ake so Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya saurari wannan wa'azi ba tare da murmushi ba.

Game da ma'aunin da Malam ya nema, ni ba yawan zaɓe nake dubawa ba. Chadi ta yi zaɓe ranar 6 ga Mayu, Mahamat Déby ya ci, amma an kashe ɗan adawa Yaya Dillo a ƙarshen Fabrairu kafin a kai ga akwati. Abin da nake dubawa shi ne ko akwai wata hukuma a cikin ƙasa da za ta ce wa shugaba a'a, maganarta kuma ta zauna. A Senegal Macky Sall ya ɗage zaɓe ranar 3 ga Fabrairu, majalisa ta mayar da shi Disamba bayan jami'an tsaro sun fitar da 'yan adawa daga zaure, sai Majalisar Tsarin Mulki ta soke wannan ɗagewa ranar 15 ga Fabrairu, shugaban kuma ya bi. Sanarwar ECOWAS a waɗannan kwanaki lallashi ce kawai. Alƙalan Senegal da matasanta da sojojinta da suka zauna a bariki su suka ceci zaɓen.

Idan muka ɗora Najeriya a kan wannan ma'auni, sakamakon gauraye ne. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukunci ne mai kyau. Amma gwamnoni sun amsa shi da shirya zaɓukan da jam'iyyar gwamna ke lashe komai: a nan Kaduna APC ta ɗauke duka 23, a Kano NNPP ta ɗauke duka 44, saboda haka ba halin jam'iyya ɗaya ba ne. Shekara kuma tana ƙarewa ba a ga kuɗin suna tafiya kai tsaye yadda kotu ta ce ba.

Ɗan Zango, Kumasi

Salamu alaikum. Na gode wa Malam da ya tuna da mu. Ina so in rage wa Ghana yabon da ake yi mata kaɗan, ba don bai dace ba, sai don a fahimci daga ina abin ya fito.

Mutane ba don son dimokuraɗiyya a matsayin aƙida suka fito ranar 7 ga Disamba ba. Aljihu ne ya fito da su. Ƙasar ta kasa biyan bashinta a ƙarshen 2022, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a lokacin, an taɓa kuɗin 'yan fansho da suka saya wa gwamnati takardun bashi, kuɗin ƙasar, sidi, ya zube, haƙar zinariya ta haramtacciyar hanya ta mayar da koguna ruwan laka. Bambancinmu da maƙwabta shi ne mai fushi ya san inda zai kai fushinsa, domin ya ga an sauya gwamnati da ƙuri'a a 2000 da 2008 da 2016, saboda haka bai ga dalilin yi wa soja tafi ba. John Mahama da kansa ya sha kaye yana kan kujera a 2016 ya miƙa mulki, yanzu ya dawo da sama da kashi 56 cikin ɗari. Dakta Bawumia, ɗan takarar jam'iyya mai mulki, kuma ya fito da safiyar Lahadi ya ce ya kira Mahama ya taya shi murna, wannan magana tasa ita ta kwantar da garuruwa da dama da aka kwana cikin zullumi. Duk da haka an rasa rayuka a wasu wurare, an kuma yi rigima a cibiyoyin tattara sakamako na wasu mazaɓu.

Abin da ya sa na shigo zancen dai shi ne maganar ficewar ƙasashe uku. Mu mutanen zango mun san abin da takarda ke yi wa mutum. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Ghana, aka kwashi mutanen da wasunsu a nan aka haife su, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. A 1983 Najeriya ta rama a kan 'yan Ghana. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ita ce abu guda na ECOWAS da talaka ya taɓa da hannunsa, ko da ana tatsarsa a kan iyaka. Albasar da ake sauke wa a kasuwanninmu daga Nijar take zuwa ta ratsa Burkina Faso, shanu da tumatir ma daga arewa suke gangarowa, masu wannan fatauci kuma 'yan'uwanmu ne da ke sauka a gidajenmu. Shugabanni suna iya rabuwa a Abuja su sake haɗuwa a wani taron, amma idan wani ƙaramin jami'i a kan iyaka ya fahimci cewa fasfon da ke hannunka ya zama abin shakka, farashinsa zai tashi tun kafin a buga wata doka.

Matashi, Illela

Da girmamawa ga iyayena da suka yi magana, ina ganin an yi wa ƙasashen AES, wato ƙawancen Mali da Burkina Faso da Nijar, rashin adalci. Shekara 25 ke nan muna zaɓe a Najeriya ba katsewa, amma a gabashin Sakkwato manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, ga kuma Lakurawa da hedikwatar tsaro ta tabbatar da su a watan Nuwamba. Wane buɗewar siyasa ake gaya wa wanda ba ya iya kwana a ƙauyensu? Ai sai da rai ake zaɓe. Sojojin Sahel aƙalla sun nuna cewa ana iya cewa Faransa ta tattara ta tafi, har Chadi da Senegal sun bi sahu a ƙarshen Nuwamba.

Lauya, Kaduna

Ƙanena na Illela, ƙorafinka a kan tsaro gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai kare abin da ke faruwa a Sakkwato da Zamfara. Sai dai ka lura da abu biyu. Senegal da ka ambata zaɓaɓɓen shugaba ne ya ce sansanonin Faransa ba su dace da 'yancin ƙasarsa ba, bai kuma buƙaci rufe jam'iyyu kafin ya faɗa ba. Na biyu, cinikin da aka yi wa mutanen Sahel shi ne su ba da bakinsu a ba su tsaro, to a duba ko an cika. A watan Agusta an kashe mutane masu ɗimbin yawa a Barsalogho ta Burkina Faso suna tsaka da haƙa ramukan kariya da aka sa su haƙa, ranar 17 ga Satumba kuma mayaƙan JNIM, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi, suka shiga Bamako kanta suka kai hari makarantar jandarma da filin jirgin sama. Kai yanzu ka rubuta a fili cewa gwamnatinka ta gaza, da sunan garinku a sama. A Mali firaministan da sojoji suka naɗa da kansu, Choguel Maïga, ya yi ƙorafi a bainar jama'a cewa ana ɗage zaɓe ba a shawarce shi ba, cikin kwanaki aka sallame shi ranar 20 ga Nuwamba aka sa janar a gurbinsa.

Malamin Tarihi, Kano

Na gode ƙwarai. Ma'aunin da Barista ta kawo ya fi nawa, ko da yake ina ganin Ɗan Zango ya ƙara masa abin da ya rasa, wato cewa mai fushi ya san inda zai kai fushinsa. Alhaji na Maraɗi, ina da ƙaramar tambaya ta zahiri. Bayan hirar da Janar Tiani ya yi da Hausa ranar Kirsimeti yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, da martanin da mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya mayar yana musantawa, mutane a nan kasuwannin Kwari da Dawanau suna tambaya ko bayan 29 ga Janairu sai da biza za a shiga Nijar. Me kuke ji a can?

Tsohon Ɗan Kasuwa, Maraɗi

Malam, a takarda dai babu biza. Kwana guda kafin taron Abuja ƙasashen uku sun fitar da sanarwa cewa 'yan ƙasashen CEDEAO suna da damar shiga da zama da fita ba tare da biza ba, sai dai sun riƙe wa kansu ikon hana duk wanda suka ga bai dace ba, kuma wannan sharaɗin shi ne abin lura, tunda jami'in da ke kan shinge ne zai fassara shi. Kuɗinmu har yanzu sefa ne, domin ba a fita daga UEMOA ba, wato ƙungiyar ƙasashen da ke amfani da sefa a Afirka ta Yamma, saboda haka canji a Jibiya da Ƙonni zai ci gaba yadda aka saba. Abin da ya fi damun 'yan kasuwa a nan ba Najeriya ba ce, iyakar Benin ce, wadda ɓangarenmu bai buɗe ba har yau duk da cewa ɗanyen man Agadem ta bututun da ya ratsa Benin yake fita zuwa teku. Kayan da a da ke zuwa daga Kwatano yanzu sai sun sauka a Lome su bi ta Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, tafiyar da ke cin makonni, kuma kuɗin wannan jira yana kan kowane buhu. Ka gaya wa mutanen Dawanau su riƙe katin shaidarsu da takardun motarsu cikakku, su kuma riƙa tambayar direbobin da suka dawo kafin su ɗora kaya, domin a watannin nan labarin hanya yana canjawa daga mako zuwa mako.